Mai Haƙƙin Murya

"A kashe muryar da ke karanta littafina a waya," in ji marubucin. "Haƙƙin sauti nawa ne, ban sayar ba."

Kamfanin ɗab'i ya kashe. Gaskiyar magana, surukar marubucin makauniya ce, waya ke karanta mata littattafai. Shi kuwa ya cika littafin da wata tsohuwa mai rowa da gulma, har irin tarin da surukar ke yi bai bari ba.

Ran nan ta aika ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Wayata ta ƙi karanta littafinka. Wai kai kaɗai ke da izini."

"Haka doka ta ce, Mama."

"Madalla." Ta gyara matashi, ta miƙa masa wayar. "Bismillah. Ga matarka nan tana bin rubutun da ido, kada ka tsallake layi."