Ginshiƙi Na Biyar

Ranar da amsar kwamfutar Legas ta iso Wudil, injiniyan ya kasa cin abinci. Na'urar ta ce ginshiƙi huɗu sun isa su riƙe gadar da yake ginawa a hanyar Darki. Lissafinsa na hannu kuwa ya ce biyar.

Ba shi da abokin shawara, domin abokan karatunsa duk sun bi arzikin man fetur sun yi kudu. Sai ya gangara bakin kogi wajen wani tsoho mai fito, kamar yadda ya saba bayan la'asar, ya tsuguna yana zana ginshiƙai a yashi.

"Baba, wanne zan bi?"

"Ɗan nan, ni ban san ƙarfe ba," in ji tsohon. "Amma ci gaba, ina jin ka."

Ya yi ta bayani har zuciyarsa ta tsaya a kan biyar.

Ranar buɗe gada, manyan motoci suka haye maƙare da siminti, ko gezau ba ta yi ba. Ya gangara da sauri don ya ba tsohon nan labari, sai ya tarar da kwale-kwalen a kife.

Wata mai tallar fura ta ce, "Ai tun safe ya koma garinsu. Wa zai ƙara neman fito?"