'Yar Farin Tsohon Soja

Kin ce sai an yi hutu za ki leƙa gida ki duba tsoho. To, Allah ya kai mu. Amma zauna tukuna in ba ki wani misali, don ni abin nan yana hana ni sukuni.

An yi wani tsohon soja a wani gari, cikin waɗanda aka kwasa suna samari aka kai yaƙin basasa. Ya tafi da yatsu goma, ya dawo da takwas. Da ya ajiye kaki sai ya yi aure, ya kama noma, da rani kuma yana gadi a rumbun auduga. Mai iyali ne na gaske. Shi ke yanke wa yara farce ranar Juma'a, shi ke ɗinke musu takalma in sun tsinke, in yaro ya tashi da zazzaɓi a kafaɗa yake saɓa shi har asibiti. Sai dai ba ya cin rogo ko yaya aka sarrafa shi, kuma ba ya zama ya ba ƙofa baya. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili. Matarsa tun tana raye ta kafa doka a gidan, kada kowa ya bar shi ya shiga zancen yaƙi, don duk ranar da ya shiga, yini yake bai sa komai a baki ba, idanu jajur. Haka yaran suka tashi. Da ya fara cewa, "Lokacin da muke bakin wani kogi," sai wannan ya miƙo masa fura, wancan ya jawo zancen tsadar taki. Su a ganinsu tausayi ne.

'Yarsa ta fari kuwa, tsakaninta da shi akwai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Bai taɓa kama sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa, har ta aurar da nata 'ya'yan, furfura ta fito mata. Ita ma ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi tsakiyar fuskarsa ba. Amma ta san yana ji da ita, don in ya dawo kasuwa da tsire, yankan da ya fi tsoka yake warewa ya ba ƙaramin cikin yaran, ya ce a kai wa babbarsu, yana kallon wani wuri.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ita ta baro ɗakin mijinta ta zo jinya. Wata rana bayan la'asar ya sallami kowa daga ɗakin, ya ce a turo masa ita. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce ta matso, ta ɗan ja gwiwa kaɗan. Sai kawai ta ji sunanta a bakinsa, ɓaro-ɓaro, abin da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta.

Ya ce, "Akwai kayan da na ɗauko tun daga bakin kogin nan, ban sauke wa kowa ba, ko uwarku. Mu uku ne a cikin ramin da muka ɓuya."

Ya ɗora hannun nan mai guntayen yatsu a kan bargo. Dokar uwarta ta faɗo mata. Ga nauyin ubanta, ga kuma tsoro, don a ranta in ta zauna ta saurara, kamar ta yarda ke nan wasiyya ce, kamar ita ta buɗe wa mutuwa ƙofa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ka huta. In ka ji sauƙi ma yi maganar. Bari in duba kunu kada ya kama."

Ya dube ta, ya ce, "To."

Ta fita madafi ta tsaya tana juya kunun da ba ya bukatar juyi. Kashegari aka wayi gari harshensa ya yi nauyi, ɓarin jiki ya shanye. Ya ƙara 'yan kwanaki a duniya, duk inda ta gifta idonsa na bin ta, leɓɓansa na motsi. A lokacin kunyar ta tafi. Ta hau bakin gadon, ta kafa kunnenta a bakinsa, tana cewa, "Ina ji, Baba, faɗa mini." Ba abin da ke fitowa sai iska.

Aka yi zaman makoki, mutane suka cika ƙofar gida suna shaidarsa da alheri. Kowa ya san mai gadin, kowa ya san uban yaran, amma sojan ba wanda ya san shi, abokan ɗamararsa duk sun riga shi kwanta dama. Bayan sadakar bakwai ƙannenta suka kewaye ta a tsakar gida. Mai bi mata ya ce, "Yaya, ke ya kira ya keɓe. Me ya bar mana?"

Ta ce, "Bai ƙarasa ba."

Suka yi salati, suka ɗauka mutuwa ce ta katse shi, ita kuma ba ta gyara musu ba. Har yau matar nan ba ta san ko amanar wani ce a wuyansa ba, ko gafarar wasu yake so a nema masa, ko kabarin aboki ne da iyayensa ba su san inda yake ba. Tana yi masa addu'a, amma ba ta san abin da za ta roƙa a yafe masa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da-na-sani ƙeya ce, a baya take.