Muryar Koci Sallau

Tun da aka hana harba bindiga a filin tsere, kowane ɗan gudu yana jin umarnin tashi a cikin kunnensa, da muryar wanda ya fi yarda da shi. Doka ta ce murya ɗaya, ɗan gudu ɗaya.

Ranar gasar ƙarshe ta mita ɗari, Suwaiba ta je rumfar ma'aikata da hantsi a saka mata na'urar kunne.

"Muryar wa?" in ji matar da ke wurin.

"Koci Sallau. Shi ya raine ni."

Matar ta duba allo. "An riga ki, ƙanwata. Kubura ta layi na huɗu ke da ita."

"Kuskure ne, Anti. Jiya ma tare muka yi atisaye."

"Da ƙafarsa ya kawo Kubura nan. A sa miki ta hukuma? Ba ta da aibu, sai dai ba ta san sunan kowa ba."

Suwaiba ta miƙa kunne.

Da la'asar ta durƙusa a layi na biyar. Sallau na kan benci yana gyara hula, bai dubo ta ba. Fili ya yi tsit. Daga kunnen Kubura ta ji numfashin da Sallau yakan ja kafin ya yi magana, sannan ƙasa-ƙasa: "Tashi, Autata."

Ba ta taɓa jin ya kira wata da wannan suna ba, sai ita.

Sauran suka tashi. Muryar hukuma ta maimaita umarnin cikin ladabi. Suwaiba tana durƙushe, yatsunta a kan layi, tana jira a kira ta.