Baba Direba Na Neman Layi Mai Araha

Shago na huɗu ke nan da Baba Direba ya shiga tun safe, kuma ko'ina tambayarsa ɗaya ce: wane layi ne mutum zai yi hira ya more ba tare da ya sayar da hularsa ba?

Shekara talatin da biyu ya yi yana jan motar wani ofis kafin gwiwa ta ce ta gaji. Yanzu sai 'yar fansho, wadda in an cire haya da magani da cefane, abin da ke saura ko kaza ba zai saya ba. Da wannan guntun yake sa kati. Da can yana kai shi ƙarshen wata da kyar, sai kamfanin waya ya wayi gari ya ƙara kuɗin minti. Katin ya ƙare tun ashirin ga wata.

Kwana tara ke nan mutuniyar ba ta ji muryarsa ba. Haka yake kiran matarsa tun suna da sauran baƙin gashi. Abin ya dame shi ƙwarai, har abinci ya daina yi masa daɗi, don shi mutum ne da in bai ba ta labarin yininsa ba, to a wurinsa yinin bai yi ba.

A shagon farko an so a ɗora masa data mai yawa. A na biyu an ce ya sayi babbar waya tukuna. A na uku kuwa mai shagon ya kalli 'yar wayarsa mai tocila, wadda aka ɗaure bayanta da roba, ya yi dariyar da Baba bai yafe ba.

Mai shago na huɗu mace ce mai fara'a, ga tabarau a goshi. Ta jawo masa kujera, ta zaro takardar tsare-tsare mai launi-launi, ta fara karanto masa. Akwai na kallon bidiyo, akwai na 'yan kasuwa, akwai wanda za ku yi magana kuna ganin juna.

"Baba, wannan fa har fuskarta za ka riƙa gani."

"'Yata, fuska ba ita ce matsalar ba. Na san ta sarai. Murya nake so ta isa."

Ta ce to ya riƙa tura saƙo mana, ya fi sauƙi. Baba ya yi tsaki. Wa ya taɓa yin tsegumin maƙwabta a rubuce? Ta tambaye shi minti nawa suke yi a rana. Ya ce awa biyu, in ba a yi faɗa ba. In an yi faɗa, uku.

Mai shagon ta dafe ƙirji. A ranta ta riga ta gama tsara labarin: tsohuwa can wani gari mai nisa wajen jikoki, tsoho nan shi kaɗai da bango huɗu. Tausayi ya kama ta, ta juya takardar, ta sa farce a kan wani ɗan rubutu can ƙasa, irin wanda kamfani ba ya so a gani.

Tsarin lamba ɗaya ne. Ka zaɓi mutum guda, ka biya ɗan abu kaɗan a wata, ku yi ta zuba har baki ya bushe. Sharaɗi biyu ne kawai: kiran yana yankewa duk bayan awa, kuma dole layukan biyu su zama na kamfani ɗaya.

Yankewar ba ta dami Baba ba, ya ce ko direba yana tsayawa ya sha ruwa. Amma layin mutuniyar na wani kamfani ne daban, sai an sayi sabon sim. Ya juye aljihu a kan kanta. Kuɗin ya isa, amma har da na motar komawa gida a ciki.

Ya kalli gwiwarsa, ya kalli sim ɗin, ya tura kuɗin gaba.

"To wa zai kai mata, Baba?"

"Yau ɗin nan zai isa hannunta."

Ta gyaɗa kai. Tsohon direba ai ba ya rasa wanda zai ba saƙo a tasha. Ta ƙara masa da abin sawa a kunne kyauta, ya karɓa yana ta sa mata albarka, bayan ya tabbatar mai ƙara ne sosai.

Da ƙafa ya koma. Tafiyar minti ashirin ta ci masa awa guda, ya zauna sau uku a bakin hanya yana yi wa gwiwa magiya. Duk da haka murmushi yake, yana jera labaran kwana tara a kansa don kada ya manta ko ɗaya: rigimar mai gidan haya, auren ɗiyar mai wanki, da rashin kunyar mai shago na uku.

Bayan la'asar ya zauna a doguwar kujerar falo, ya share maƙogwaro, ya danna lambar. Ringi ɗaya, biyu, aka ɗauka.

"Wa ke magana?" in ji ta, da muryar tsokana.

"Mutuminki ne."

Sai ta ce, "Sake faɗa. Na ji ka tar."

Ya sake faɗa. Shekara uku ke nan da kunnuwanta suka toshe, ko ihu ya yi sai dai maƙwabta su ji, ba abin da ke shiga sai ƙarar waya a cikin kunnen hagu. Ya miƙa hannu ya share mata hawaye da bakin mayafinta, don tana nan zaune a gefensa, kafaɗarta na gogar tasa.