Cuku Mai Lamba Bakwai

Kwana tara ke nan ina ɗauke da wata damuwa, ko abinci na sa a baki sai in ji kamar tsumma nake tauna. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Autata tana shekarar ƙarshe a jami'a. Aikin da aka ba ta shi ne ta bi shaguna ashirin ta sayo cuku, kowanne a ledarsa da lambarsa, a duba wata ƙwayar cuta mai ɓuya cikin abinci. Entarokokas sunanta, sai da ta rubuta mini a bayan kalanda kafin bakina ya iya. Ranar da ta gama tarawa firjin ɗakin gwajinsu ya lalace, ledojin suka wuni a namu.

Da aka yi gwajin, sha tara ba su zo da wani labari ba. Lamba bakwai kuwa, Allah ya kiyaye. An ɗiga wa ƙwayar cutar magani, ta miƙe tsaye. An canza wani, ta ƙara ƙiba. Magani goma sha biyu aka gwada, har da wanda asibiti ke ɓoyewa sai ciwo ya gagari kowa.

"Mama, idan wannan ta shiga jinin marar lafiya, sai dai addu'a!" in ji autata, tana tsalle don murna.

Farfesanta ya fi ta zumuɗi. Ya cire hoton jikarsa daga fuskar wayarsa ya sa na ƙwayar. Shekara talatin, in ji shi, yana neman irinta. Ranar Alhamis yarinyar za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta, kuma har ya nemo mata gurbin ƙarin karatu.

Lamba bakwai shagon wani tsoho ne da ke bakin layinmu. Ma'aikatan lafiya suka zo da fararen riguna da safar hannu, suka kwashe firjinsa, wuƙarsa, sikelinsa, har da kyanwarsa. Sun gwada komai, ba su sami ko ɗigon ƙwayar ba. Farfesa ya ce wannan ne ma ya nuna irin makircinta. Aka garƙame shagon.

Baban yara ya fi kowa ɗaga murya, shi da ba ya wuce firji bai buɗe ba. "Shekara da shekaru muna cin guba!" Haka yake faɗa a ƙofar gida, da burodi a hannu.

Tsohon nan yanzu kujera yake ajiyewa gaban rufaffen shagonsa, ya wuni yana kallon kwaɗon. Idan rahoton autata ya wuce ranar Alhamis, an ƙwace lasisinsa ke nan har abada. Duk da haka in na zo wucewa sai ya ce, "Maman likita, a gaishe mini da jikata. Aikinta ta yi." Ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Tun da aka rufe shagon, layin gaba ɗaya ya dawo gidana, don ina da akuya ɗaya a bayan gida, ina ɗan yin cukuna. Ba yabon kai ba, shekara biyar ko tari ba ta taɓa yi ba. Ni ba na zubar da magani: duk kafson da ya rage a gidan nan, har na maƙwabta, buɗe shi nake yi in zuba mata a ruwan sha. Shekaranjiya Farfesa ya zo gaishe mu, ya ci faranti biyu, ya roƙi na matarsa. Jiya tsohon da kansa ya miƙo mini kwano, wai bakinsa ya saba.

Jama'a, ku ba ni shawara kafin Alhamis: in yi shiru shagon bawan Allah ya tafi, ko in buɗe baki karatun 'yata ya rushe? Domin ranar da ledojin nan suka wuni a firjinmu, Baban yara ya cinye lamba bakwai da shayi, ni kuma don kada autata ta yi kuka na yanko na akuyata na mayar cikin ledar.