Bai Tsaya a Gindin Kuka Ba

Tunda ka ce mini ba ka da lokacin tsayawa, zauna in ba ka misalin wani mutum, sai ka auna da kanka.

Mutumin nan yana zaune da iyalinsa a kan wani dogon tsauni, can sama inda hazo kan wuni a bakin ƙofa, bargo ba ya barin gado ko da bazara. Mota ba ta iya hanyar garinsu, sai ƙafa, sai jaki, sai irin babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da ke taka dutse da taɓo kamar akuya. Da shi yake ci da gidansa. Ya sauko da dankali da kindirmo kasuwar kwari, ya koma da gishiri da kanwa da kananzir. Shi kuwa babur ɗin yana da wani hali da duk mai hawa tsaunin ya sani. A cikin kafiretonsa akwai wani ɗan ƙarfe mai huji, bai fi ƙwayar masara ba, jet ake ce masa, ta nan mai yake bi ya gauraya da iska. A sama iska ba ta da kauri, sai a sa mai ƙaramin huji, in ba haka ba mai ya yi wa inji yawa, ya shaƙe, ya yi ta aman baƙin hayaƙi. A ƙasa kuwa iska a cike take, inji yana son mai sosai, sai a sa mai faɗi. In aka bar masa ƙaramin, ƙishi ne zai kama shi, ya ɗau zafi har ya cinye kansa. Saboda haka a gindin tsaunin, wajen wata tsohuwar kuka, wadda ita ce kukar farko da mai saukowa yake gani, kowa yakan tsaya ya kwance ya sauya. Aiki ne na gwargwadon alwala da raka'a biyu. Mutumin nan bai taɓa wuce kukar ba tare da ya tsaya ba. Matarsa ma ta san al'adar, don in ta biyo shi kasuwa ita ke riƙe masa ƙananan notuna a tafin hannu, tana yi masa tsiya wai ya fi lallashin babur a kanta.

Wata safiya da damina tana tonon dankali, macijiyar nan kasa ta sare ta a ƙafa. Kafin a iso da ita gida ƙafar ta yi suntum, dasashinta ya fara jini. Maganin dafi kuwa babu shi sai a asibitin kwari. Ya ɗora ta a bayansa kan babur, ya ɗaure ta a jikinsa da gyalenta don kada ta zame, ya ce wa 'ya'yansu su jira, yanzu za su dawo. Ya gangaro yana jin numfashinta a ƙeyarsa, mai zafi, guntu-guntu. Da suka kai gindin tsauni sai ta ɗan ɗago kai.

"Malam, ga kuka."

"Na gan ta. Ki yi ta salati, mun kusa."

"Ka tsaya ka sauya mana."

Jet mai faɗin yana cikin aljihun gaban rigarsa, yana jin tudunsa a ƙirji. Amma ya tuna in ya tsaya dole sai ya kwance gyale, ya sauke ta, ya kwantar da ita a ƙasa tana kallonsa yana fama da sifana. Zuciyarsa ta kasa. Ya ƙara wuta, ya wuce.

Babur ya shiga wani irin gudu da bai taɓa yi ba, sakayau, kamar shi ma tausayinta yake ji, har mutumin ya yi hamdala a ransa. Ashe gudun ƙishi ne. Can a tsakiyar fako, rana ta take, sai warin ƙuna ya taso, sai wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a kwano, sai tsit. Ba ranar kasuwa ba ce, hanya ba kowa, ko jaki. Sai ga shi ya kwance gyalen da ya ƙi kwancewa, ya kwantar da ita a ƙasa, a rana, inda babu ko inuwar kuka. Ya sauya jet ɗin, ƙarfe yana ƙona masa yatsu. Ya yi, ya yi, inji ya riga ya cije. Ya goya ta ya kama tafiya. Ya yi nisa, har ya fara hango kwanon asibitin yana ƙyalli, sai ya ji hannunta ya saki wuyansa.

Masu ta'aziyya suka ce kwananta ne ya ƙare, babu mai wuce lokacinsa. Gaskiya ne, shi ma bai taɓa musa ba, Allah ya jiƙanta. Amma bai koma ya ɗauko babur ɗin ba, yana can a fako ciyawa ta fito ta cikin ƙafafunsa. Yanzu da ƙafa yake saukowa, buhu a ka. Kuma duk sanda ya iso gindin kukar nan sai ya sauke kaya ya zauna, gwargwadon alwala da raka'a biyu, ba shi da abin da zai sauya, ba shi da mai riƙe masa notuna, sannan ya tashi.

Abin da Hausawa suka gani ke nan suka ce, sauri ya haifi nawa.