Fuska ga Bango

Sau bakwai ke nan Edna tana tsayar da ɗaukar fim ɗin, ba a ko kai ga shayin hantsi ba.

Shekararta saba'in da takwas. An ɗauko ta ne ta koya wa 'yan wasa halin barorin manyan gidaje na da, tunda ta yi aikin goge-goge tana budurwa. Fim ɗin labarin ɗan mai sarauta ne da ya kamu da son 'yar aiki, ana ɗaukarsa a wani tsohon gida mai ɗaki sittin da aka yi haya a Yorkshire.

Abin da ya tunzura ta yau, 'yar wasan da ta fito a matsayin 'yar aiki ta haɗa ido da ɗan gidan a kan bene. Edna ta ce a zamaninsu, in mai gida ko ɗansa zai wuce, 'yar aiki bango take juya wa fuska har ya shige. Wadda ta kuskura ta kalle shi, ranar za ta naɗe kayanta.

Darakta Piers ya kai wuya. Ya ce ta yaya mutum zai so ƙeya? Dama ya yanke shawarar cire auren daga ƙarshen fim, a rabu a tashar jirgi da hawaye, don babu ɗan Ingilan da zai yarda da irin wannan aure. Wannan ya sosa wa Edna rai ƙwarai, domin saboda auren nan kawai ta karɓi aikin. Ta ce ba ta yarda ba. Ya ce in ta ƙara tsayar da shi, ta tafi gida.

Mijinta Aubrey, wanda ke rako ta kullum, ya shigo da kofunan shayi. Ma'aikatan fim ɗin sun mayar da shi ɗan aike, don shi kaɗai ne ba ya ɓata a lungunan gidan.

Piers ya ce, "Madam, tsakaninki da Allah, ina kika taɓa ganin an yi haka?"

Edna ta karɓi shayinta ta kurɓa. "Aubrey, wata nawa ka yi kana yi wa ƙeyata hira a kan benen nan?"

"Goma sha ɗaya," in ji tsohon. "A na sha biyu kika juyo, Baba ya kore mu mu biyu ta ƙofar kicin."